Inda Ƙafar Goggo Za Ta Zauna

Fatakwal,
farkon Yuli, 2024.

Zuwa ga Yaya Larai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Abdulsalam da su Fiddausi. Yaya jikin Goggo Kulu da sanyin damina? Yaya kuma 'yarta, Yaya Kadijatu, ɓarin jikin da ya shanye ya fara motsi? Ni lafiyata ƙalau, sai murar da ba ta rabuwa da mutum a garin nan da kullum sama take a ɓule.

Da hannu na rubuta na ɗauki hoto na turo, don ina so ki zauna ki karanta wa Goggo da bakinki. Albishirinki, na musanya jif ɗin gida. Na gama magana da dillali a Kano, ranar Asabar Malam zai kai masa tsohuwar ya karɓo sabuwa. Kada ki ce na yi gaban kaina. Na san in na nemi shawararki cewa za ki yi wadda muke da ita ba ta yi laifin komai ba. Iri ɗaya ce da ta marigayi Baba, gida ɗaya suka fito, sai dai wannan jikarta ce, ƙirar 2022.

Kin tuna ta Baba, ƙirar 1998, wadda muke kira Giwa? Giyar hannu, gilashi sai an murza, safaya a goye a ƙofar baya, benci biyu can ƙurya suna kallon juna kamar masu zaman makoki. In aka kunna esi sai ta fara nishi a tudu. Da na kawo ƙirar 2011 kowa ya ce an kai ƙarshen mota, don giya na sauya kanta kuma gilashi na sauka da maɓalli. To wannan in kin gan ta za ki rantse waɗancan ba motoci ba ne. Ba a murza mata makulli, dannawa ake yi. Tana gani gaba da baya da gefe. Sun cire dogon bencin nan na tsakiya sun sa kujeru biyu irin na manya, kowace da abin ɗora hannu, ga ɗan firij a tsakani. Kujerar tana ɗumi, har tausa take yi.

Don Goggo na saye ta. Ita ta goye mu bayan rasuwar Inna, kuma har yau ban yi mata abin da zan nuna ba. Ƙafar nan tata da ta sandare tun da ta faɗo daga kan rumbu, na san wahalar da take ba ta duk Juma'ar da za ta je can bayan Gafasa yi wa Yaya Kadijatu kitso. Yanzu sai dai ta jingina, kujera na gasa mata baya har a isa.

Sharaɗi ɗaya na gindaya, kuma Malam ya ɗaukar mini alkawari: ba mai taɓa sitiyarin nan sai shi. Musamman Muzammil ɗan wanmu. Na san ya daɗe yana jan bas zuwa Kano, amma shi ya goge wa ta 2011 haƙarƙari a kasuwa, hannun ɗan haya daban yake. Wannan cikinta duk kwamfuta ne, bakaniken Gaya in ya buɗe gabanta sai dai ya yi salati ya rufe.

Gobe za a kwashe mu zuwa wurin aiki a kan teku. Kin san can sabis sai an yi sa'a, in kin ji shiru ba ƙi na yi ba.

Ƙanenki,
Hadi.

*

Ajingi,
tsakiyar Yuli.

Hadi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gero ya yi kyau, gyaɗa ma ta rufe ƙasa. Fiddausi ta yi zazzaɓi amma ta tashi. Jikin Kadijatu yana nan yadda ka sani, hannun dama ne kawai ke aiki, magana kuma a hankali. Allah ya tsare mana kai a cikin ruwan nan.

Na karanta wa Goggo wasiƙarka. Da na zo wurin da ka ce don ita ka saya, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce yaron nan ya cika surutu. Ka san ma'anar wannan a wurinta. Mota kuma ta iso, unguwa ta fito kamar an kawo amarya. Kyau kam ba a magana, Allah ya sa alheri, ya ƙara buɗi. To na yi godiya, yanzu ka saurara.

Ranar Juma'a Goggo ta yi wanka da hantsi, ta ɗaure matsefi da tsinken kitso da man shanu a ɗan ƙullinta, ta fito da sandarta. Malam na buɗe ƙofa sai matakala ta zuro kanta daga ƙarƙashi. Goggo ta ja da baya ta ce, "A'uzubillahi, rai gare ta?" Muka sha dariya, muka tallafe ta ni da Fiddausi muka ɗora ta a kujerar manyan taka. Jiki ya shiga, ƙafa ta ƙi.

Kai ka tuna benci, amma ba ka tuna abin da ake yi da shi ba. A Giwa, ƙofar baya gefe take buɗewa kamar ƙofar ɗaki, Goggo ta zauna a bakin benci ta ja jiki, ta miƙe ƙafarta son ranta, har da kwandon kaji a gefe. A ta 2011 suka cire waɗannan, suka sa 'yan kujeru masu kallon gaba da sai yaro ne zai iya tsallakawa ya kai gare su. Sai Goggo ta dawo dogon bencin tsakiya. A karkace take zama, bayanta a jikin ƙofa, ƙafar a miƙe bisa benci, tafin a cinyar Fiddausi. Haka muka yi shekaru ba wanda ya ji kanmu. Yanzu ka kawo wadda ba ta da benci ko ɗaya.

Ba abin da ba mu gwada ba. Muka tura kujerar gaba har ƙarshe, ashe ƙarƙashinta wani akwati ne da wayoyi, ƙafa ba ta shiga. Muka karkata ta tsakiya, firij ɗinka ya tare. Muka juya ta gefe, abin ɗora hannu ya tokare mata haƙarƙari. Malam ya danna wani abu kujerun baya suka kwanta da kansu, na ce a shimfiɗa katifa a but, can wurin kaya, ta kwanta. Ta dube ni ta ce, "Larai, mai rai ake kwantarwa a bayan mota? Ku bari sai ranar ta zo."

Ba mu je ba. Ta kwance ƙullinta ta ce dama kanta na ɗan ciwo. Juma'ar da ta biyo ma haka, mu muka je da fura da tuwo, ita tana gida.

Na tsaya na ƙare wa motar nan kallo, Hadi. Ta fi Giwa tsawo, ta fi ta faɗi, sai da aka fasa gefen katanga kafin ta shiga gida. Amma Giwa mutum goma take ɗauka ba a matsu ba, ta 2011 takwas, wannan bakwai, kowa a ɗaure a ƙuryarsa. Abin nan kullum girma yake yi ta waje yana tsukewa ta ciki. Don Allah ka yi wa dillalin magana tun tsohuwar ba ta bar hannunsa ba.

Yayarka,
Larai.

*

Kan teku,
farkon Agusta.

Yaya Larai,

Salam. Ina lafiya, sai aiki. A gaida Goggo da kowa. Yau na samu ɗan sabis, hoton shafin farko ya buɗe, na biyu rabi ne ya fito, amma na gane inda kika dosa. Ba ku iya kujerun ba ne.

Gaskiya raina bai yi daɗi ba. Mutum ya yi shekara yana tattali, ya sayo abin da ko a Kano ba kowa ke da shi ba, abin da zai fara ji shi ne Giwa ta fi. Giwar da muke turawa duk safiya? Wadda ƙofar bayanta ta taɓa buɗewa a hanyar Kademi buhun masara ya faɗi? Kin manta ba ta da bel ɗin ɗaure jiki a benci ko ɗaya? Masu ƙera motar nan ba mahaukata ba ne. Sun cire bencin gefe ne saboda in aka yi karo na kai su ake fara rasawa, sun sa kowa a kujerarsa ne don kowa ya tsira da ransa. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Maganar ƙafa kuwa ai mai sauƙi ce, har na yi mamakin yadda ba ku gani ba. Ku sa ta a gaba. A gefen kujerar akwai maɓalli mai kama da 'yar kujera, Malam ya danna shi baya ya riƙe. Wurin da zai buɗe ko raƙumi ya miƙe ƙafa. In ta zauna ya danna mai hoton wuta sau ɗaya, kada ya yi uku, zai yi mata zafi da yawa.

Zancen dillali a bar shi, ciniki ya riga ya faɗa, ba na son a mayar da ni ƙaramin mutum. Ki rubuto mini abin da Goggo ta ce game da tausar, da abin da mutanen Gafasa suka ce da suka ga ta sauko daga ciki.

Hadi.

*

Ajingi,
washegarin zuwan taka.

Hadi,

Muna lafiya, tunda dole a fara da haka. Na sake turo maka shafin da bai buɗe ba, ka karanta shi da kyau. Mutanen Gafasa ba su ce komai ba, don Goggo ba ta sauka a Gafasa ba. Tun da motarka ta shigo gidan nan ba ta taka ko'ina ba.

A sa ta a gaba! Wallahi da na karanta sai da na ajiye wayar na zagaya tsakar gida. Ruwan gishirin nan ya wanke maka kai ne? Wa ke tuƙi, Hadi? Kai da bakinka ka ce ba mai taɓa sitiyari sai Malam. Goggo ce ta aurar da ni, ita ce uwar amarya, ita ta kai ni ɗakinsa. Shekara ashirin da ɗoriya ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa kurɓar ruwa a gabansa ba. In ya zo gaishe ta daga bayan labule yake tsugunawa. A tsofaffin motocin ma bayansa take zama ta lulluɓe, ba ta ko tari har a isa. Ita ce kake so ta zauna kafaɗa da kafaɗa da surukinta, ƙafa a miƙe, kujera na yi mata tausa yana ji?

Kana zaton ba mu ga kujerar gaban ba? Mun gani, wuri kam akwai shi. Na daure na yi mata maganar, ta ce, "Ke ma kin zama Hadi?" Na ce to a ɗaura zane tsakaninsu. Malam ya ce ba zai ga madubin gefe ba, gumi na keto masa kamar shi za a yi wa kitson. Goggo ta ce labule a mota, ita mai jego ce? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kana can kana koya mana maɓalli.

Bari in tuna maka abin da ka sani ka manta. Kadijatu 'yar fari ce, kuma ita kaɗai Allah ya bar mata. Goggo ba ta kiran sunanta, ba ta tambayar jikinta a gaban mutane, ko da ciwon nan ya buge ta ba wanda ya ga hawayenta. Kitson nan shi ne kaɗai hanyar da take taɓa 'yarta. Ta zauna a tabarma, ta ɗora kan 'yar a cinya, ta tsefe, ta shafa mai, ta yi ta jan abin da za a gama kafin azahar har la'asar, ba mai cewa uffan. Ita ma Kadijatu tun da ta kwanta ba ta yarda hannun kowa ya hau kanta ba. Saboda haka kada ka jira Goggo ta ce tana son zuwa, ba za ta taɓa faɗa ba. Kullum dai ina ganin ƙullin a rataye a ƙusa, ta sake ɗaure shi.

Mafita ɗaya ce. Muzammil jikanta ne, abokin wasanta, shi ne ke ce mata matata tana korarsa da sanda. In shi ke tuƙi za ta zauna a gaba har ta yi masa faɗan gudu. Na ce wa Malam ya ba shi makulli Juma'a ɗaya tak, ba wanda zai gaya maka. Ya ce alkawari kaya ne, ba zai sauke ba sai mai shi ya sauke masa. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kwanaki ban yi masa magana ba, ka san shi kamar an dasa. Layi ɗaya nake so daga gare ka: a ba Muzammil.

Larai.

*

Ajingi,
bayan tsakiyar Agusta.

Hadi,

Ina fata shirun nan na sabis ne ba na fushi ba. In fushi ne, ka ajiye shi sai ka dawo mu yi shi ido da ido. Mu dai lafiya. Goggo ta rage cin abinci, ta ce haƙori ne.

Malam ya je Kano wurin dillalinka ba da saninka ba, ni na tura shi. Ta 2011 ta daɗe da tafiya, wai wani ɗan kasuwa ya tsallaka da ita Nijar. Dillalin har yana yi masa dariya, wai waɗannan tsofaffin ba sa kwana a hannu, mutanen ƙauye rububinsu suke yi. Ashe mu ne ba mu san abin da muke da shi ba.

Maƙwabcinmu ya ce ga ƙaramar motarsa, bencin bayanta zai ɗauki ƙafar. Amma ka san gidan Maiwada, mijin Kadijatu, sai an ratsa fadama, kuma bana ruwa ya yi yawa, ƙaramar mota ba ta fita. Wani ya ce ga a-kori-kurarsa. Da na gaya wa Goggo sai ta ce, "Yaro ya sayo mini mota, duk gari ya gani, in je ina yawon aron ta mutane? Me za a ce da shi?" Ka ji. Mutuncinka take karewa, kai kuma kana can ba ka ma san ana yi ba.

Na ce to a ɗauko Kadijatu a kawo ta nan, ita dai a kwance take dama. Maiwada ya sunkuyar da kai ya ce in aka ga an fito da ita a katifa an nufi gidansu, kafin magariba gari ya ɗauka ya gaji da jinya ya mayar da ita. Ban ga laifinsa ba, mutumin nan shi ke ɗaga ta shi ke kwantar da ita.

Jiya ya zo a babur. Ya ce kitson ƙarshe da Goggo ta yi mata yana nan ba a tsefe ba, ya cukurkuɗe, tana ta susa da hannun nan guda har fatar ta fara tashi. Ƙanwarsa ta zo da matsefi, Kadijatu ta kawar da kai. Ni ma da na je na ce in gwada, ta rufe ido ta yi kamar barci. Ya ce ta tambaye shi, "Goggo fushi take yi da ni?" A zaure yake faɗa mini, amma na san Goggo ta ji, don tana bayan katanga tana tsince wake. Da ya tafi sai ta tambaye ni ko geron can ya fara fitar da kai.

Motarka tana lafiya, in ita kake son ji. Duk Juma'a tana kai fura Gafasa a cikin firij.

Larai.

*

Kan teku,
ƙarshen Agusta.

Yaya,

Innalillahi. Iska ta lalata mana abin sabis, sai yau wasiƙunki suka shigo gaba ɗaya, har da shafin nan. A tsaye na karanta su. Wallahi ni duk a zatona tana zuwa, ƙorafin matsi kawai kike yi.

A ba Muzammil. A ba duk wanda Goggo za ta iya zama kusa da shi. Ki gaya wa Malam na sauke masa alkawarin, kuma ya yafe mini, ni na ɗaure shi. In Muzammil ya goge ta a bango ma ya goge.

Wani abokin aikina ya gaya mini abin da ya ƙara ƙona mini rai. Ashe a wannan shekarar ma suna yin mai benci a tsakiya, ita ce ta ƙasa, wadda ba ta da firij da tausa. Dillalin ya nuna mini ita a hoto na ce a'a, Goggo ta wuce nan, a ba ni ta sama. Da na sauka zan nemi masu aikin kujera a Kano su cire na manyan su sa benci, ko da motar za ta koma kamar bas ɗin haya.

Ki gaida Goggo, ki ce Juma'ar nan za ta je. Ki rubuto da kun dawo.

Hadi.

*

Ajingi,
ranar Asabar.

Hadi,

Salam. Muna lafiya. Saƙonka ya shigo jiya, muna tsakiyar fadama a hanyar dawowa. Na karanta wa Malam, ya ce Alhamdulillahi, ya zaro makullin ya miƙa wa Muzammil. Muzammil ya dubi makullin ya ce to wa zai ɗauka?

Ga yadda aka yi. Jiya da safe Goggo ta aika aka kira Muzammil, ta ce ya ɗaura wa shanun huɗa amalanke, gona za ta je ta ga gero. Ka san ba mu da gona ta wannan hanya, kowa ma ya sani, ba wanda ya tanka. Muka shimfiɗa mata tabarma da bargo, ta zauna a bakin amalanken ta ja jiki ta miƙe ƙafarta. Na ga ƙullin a ƙarƙashin mayafi. Na hau na riƙe mata lema, Muzammil ya kama igiya.

Malam ya ce ba zai bar mu mu kaɗai ba, ko hadari zai taso. Ya biyo mu a jif. Ba zai wuce gaban surukarsa ba, don haka a bayanmu ya yi ta rarrafe tun daga Ajingi, motar na ta ƙara wai ta ga abu a gabanta. Mutane suka riƙa tsayawa a gonaki suna kallo. Na ji kunya, na ji haushi, na kuma ji dariya, duk a lokaci guda. Goggo ko waiwaye ba ta yi ba. Sai bayan azahar muka isa, ƙafar ta kumbura saboda jijjiga.

Maiwada na ganinmu ya gaishe ta daga nesa ya fice. Muka shiga. Kadijatu na kwance, ɗankwali a ɗaure tam har goshi. Goggo ta zauna a tabarma kamar kullum, muka gyara mata kan Kadijatu a cinya. Ta kwance ƙullinta, ta jera matsefi da tsinke da man shanu. Sannan ta zare ɗankwalin.

Babu gashi, Hadi. An aske shi tas. Ashe fatar ta yi ƙuraje har sun fara ruwa, mai duba marasa lafiya ya zo daga Gafasa ya ce ko dai a tsefe a wanke a sa magani, ko a aske. Aka sake kawo mai tsifa, Kadijatu ta ce in ba Goggo ba, a aske. Farkon makon nan aka yi, Maiwada ya rasa bakin da zai gaya mana. Ka san gashin Kadijatu, wanda in an tsefe yake sauka har gadon baya. Shi kaɗai ne ciwon nan bai taɓa ba.

Kadijatu ta daɗe tana haɗa maganar kafin ta fito. Ta ce, "Na jira ki." Goggo ta ɗauki matsefin ta mayar cikin ƙulli, ta mayar da tsinken. Ta lakato man shanu ta fara shafawa a hankali, tana kauce wa ƙurajen. Ni dai fita na yi na tsaya a bayan ɗaki na yi kukana.

Da la'asar ta yi na leƙa na ce mu kama hanya kada yamma ta yi mana a fadama. Ta ce mu tafi, a aiko mata da kayan sawarta da buta. Na ce Goggo, nan fa gidan Maiwada ne. Matar da ta ƙi zama kusa da suruki na tafiyar da ba ta kai a dafa wake ba, ita ce za ta kwana a gidan suruki, ta ci tuwonsa, ta yi alwala a tsakar gidansa. Ta ce ta sani, ba ta ruɗe ba. Yadda ta faɗa, na gane ta riga ta auna abin da zai ci mata, ta kuma haɗiye.

Ta ba ni saƙo gare ka, ga shi yadda ta faɗa: "Ki ce wa yaron nan mota ta yi kyau, Allah ya yi masa albarka. Kada ya ji komai." Da na karanta taka a hanya na so in koma in gaya mata zancen bencin, sai na ga ba amfani. Ka yi yadda ka ga dama da kujerunka. Ba na fushi da kai kamar da, na gaji ne kawai.

Kafin in fito na tambaye ta yaushe za mu zo ɗaukarta. Ba ta ɗago ba, hannunta na kan 'yarta. Ta ce, "In gashin ya isa kamawa."

Yayarka,
Larai.